Kara da ƙara: abin da ya faru a rumbun manhajarmu a Legas

Manhajar tamu ba wata babba ba ce. Littafin bashi ne a cikin waya, da Hausa, wanda muka yi domin 'yan gwari da dillalan albasa na kasuwar Mile 12, mutanen da ke ba da kwando goma da asuba su karɓi kuɗin bayan la'asar, wani lokacin ma sai bayan mako. Wanda ya faro aikin zan riƙa ce masa Malam a nan, don haka muke kiransa. Shi ya rubuta kusan komai na farko a ɗakinsa a Agege, da dare, bayan ya taso daga inda yake neman abinci. Tun ranar farko ya ajiye rubutun manhajar a fili a GitHub, shafin intanet da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, wurin da muke kira rumbu, da lasisin MIT, wato kowa na iya kwafa, ya gyara, ya sayar ma in ya ga dama, muddin ya bar sanarwar masu aikin da lasisin a jiki, kuma ba wanda ya ɗaukar masa alkawarin cewa za ta yi aiki. Mu da muka biyo baya ba mu kai goma ba. Akwai mai gyaran waya a kasuwar wayoyi ta Ikeja, akwai ɗalibai daga wajen Yaba, akwai ni da Malam ya koya wa Git, manhajar da ke adana tarihin gyare-gyaren aiki, da hannunsa. Ba wanda ake biya ko sisi.

Muna da wata tangarɗa da ta daɗe tana jawo mana waya daga kasuwa. Dillali zai rubuta sunan mai bashi Ɗanladi da wayarsa mai haruffa masu lanƙwasa. Yaronsa ya zo neman sunan da wata wayar, ya buga Danladi, manhaja ta ce babu mai wannan suna. Sai yaro ya buɗe sabon shafi. Mutum ɗaya, shafi biyu, bashi ya rabu gida biyu, ranar biya kuma a kaure da musu. A wajen kwamfuta ɗ da d ba dangi ba ne ko kaɗan. Harafin Faransanci mai ɗigo ko sanda a ka, tsarin Unicode, wanda ke ba kowane harafi lamba a kwamfuta, ya san yadda zai raba shi gida biyu a yar da alamar, amma ƙ da ɗ da ɓ kowanne harafi ne cikakke mai lambarsa, ba ya rabuwa. Saboda haka dabarar da masu manhaja suka saba yi wa harsunan Turai ba ta ci a nan, sai mutum ya zauna ya haɗa jadawalinsa da hannu. Ga kuma 'yan Nijar masu kawo albasar Galmi, su ƴ suke rubutawa inda mutanen Aliero da Sakkwato ke rubuta 'y.

Wata yarinya 'yar Agege, ɗaliba, ita ta ɗauki wannan aiki ba tare da kowa ya sa ta ba. Ta shigo zaurenmu na WhatsApp ta hanyar wata ƙawarta, ta yi makonni tana karatu ba ta ce uffan ba, sai ga gyaranta ya iso rumbu. Jadawalin nata cikakke ne, har manyan haruffa Ƙ da Ɗ da Ɓ ta saka, har da ƴ ɗin da mu duka muka manta. Daga baya na ji cewa da kwamfutar yayanta ta yi shi, kuma sai ya yi barci take samun ta.

Amma ta yi kuskure ɗaya, kuma ba ƙarami ba ne. Maimakon ta cire lanƙwasar a lokacin nema kaɗai, sai ta sa ana cire ta a lokacin ajiya. Da an shigar da gyaran haka, duk abin da ɗan kasuwa ya rubuta zai rasa lanƙwasarsa har abada. Baƙi ya koma baki. Wanda ya rubuta cewa ya yi wa wane kara a kan bashi, da wanda ya rubuta cewa ya yi ƙarar wane, rubutunsu ya zama ɗaya. Hanyar da ta dace ita ce a bar suna yadda mai shi ya rubuta, a ajiye wani kwafi marar lanƙwasa a gefe domin nema kawai. Bayanin da ba zai wuce layi uku ba ne, kuma duk wanda ya iya haɗa wancan jadawalin zai gane shi nan take.

Malam bai rubuta layi ukun ba. Ya rubuta cewa wanda bai san bambancin nema da ajiya ba bai kamata ya taɓa dukiyar mutane ba, cewa rumbun nan ba makarantar allo ba ce, kuma gara ta koma ta koyi tuƙa tuwo. Sannan ya rufe gyaran, wato ya ƙi karɓarsa. A fili ya rubuta, a wurin da duk mai intanet a duniya zai iya karantawa, a ƙarƙashin sunanta na gaskiya, sunan da za ta sa a takardar neman aiki gobe. Magana zarar bunu ce ko da da baki aka yi ta, balle wadda aka rubuta a rumbun da ba ya mantuwa. Mutum uku daga cikinmu suka danna fuskar dariya a ƙarƙashi.

Ni ina cikin mota a cunkoson Oshodi na gani. Raina ya ɓaci, na mayar da wayar aljihu. Na ce wa kaina Malam babba ne, shi ya koya mini, ba zan kunyata shi a gaban yara ba, zan same shi mu biyu. Na yi masa kara. Ban kuma same shi ba, ran nan ko washegari ko makon da ya biyo. Wannan shirun nawa yana cikin lamarin kamar yadda maganarsa take ciki, kuma na daɗe kafin na yarda da haka.

Abu na biyu ba mu san da shi ba sai can baya. A zauren WhatsApp kowa na ganin lambar kowa. Ɗaya daga cikin waɗanda suka yi dariyar ya ɗauki lambarta ya bi ta a keɓe, wai ya zo ba ta haƙuri, wai shi zai koya mata abin da Malam ya ƙi koya mata. Kwana biyu ana maganar aiki, a na uku ya fara tambayar unguwarsu, sai neman hoto, sai kira bayan ƙarfe goma sha ɗaya na dare. Ta ce masa ya daina, da ladabi, har sau biyu. Bai daina ba. Ta toshe lambarsa ta fice daga zaure. Muka lura ta fita, ba wanda ya tambayi dalili, domin kowa ya ɗauka ya san dalilin.

Abin da ya fi damuna shi ne a duk tsawon wannan lokaci muna da takardar ƙa'idojin zaman tare a cikin rumbu. Ni na saka ta. GitHub yana nuna wa kowane buɗaɗɗen aiki jerin abubuwan da ake son gani a wurinsa, takardar ɗa'a na ciki, mu kuma muna shirin neman tallafi, muna son jerin ya cika. Sai na kwafo Contributor Covenant, wadda Coraline Ada Ehmke ta fara rubutawa a 2014, kuma dubban ayyuka suka ɗauka. Zubin 2021 na ɗauko. Takarda ce mai kyau. Ta hana zagi da wulaƙanci, ta hana neman mutum da maganar da ba ya so, a fili ko a keɓe, ta hana yaɗa bayanan wani ba da izininsa ba. Duk abin da aka yi wa yarinyar nan yana ciki baro-baro. To amma da Turanci take, kuma ban ji akwai wanda ya karanta ta har ƙarshe a cikinmu ba. A tsakiyarta akwai gurbi da aka bari domin kowane aiki ya rubuta inda za a kai ƙara. Ni da na zo wurin, ban yi tunanin daƙiƙa biyu ba na rubuta imel ɗin Malam. Ai shi ne mai gida.

Wato da ta buɗe takardar tana neman inda za ta kai kuka, sunan wanda ya zage ta za ta tarar. Daga baya ta gaya wa matata cewa ta buɗe.

Na haɗu da ita bayan kusan wata biyu a jirgin ƙasan da Legas ta fara a 2024, wanda ke tashi daga Agbado ya bi ta Agege da Ikeja da Oshodi zuwa Oyingbo. Ita ta fara gaishe ni. "Yaya, ina kwana." Na amsa, na ce ƙanwata, kin ɓuya, lafiya dai? Ta sunkuyar da kai ta ce, "Lafiya lau, Yaya, karatu ne." Na ce ko maganar Malam ce? Ta ce, "Ba komai wallahi." Duk Bahaushe ya san nauyin wannan ba komai ɗin. Ban matsa ba, ba zai yiwu a cikin jirgi ba, kuma ba ni ne za ta buɗe wa ciki ba. Da na koma gida na roƙi matata, wadda ta san mahaifiyarta ta wajen Islamiyya, ta neme ta. A ɗakin matata ne komai ya fito, har da hotunan allo na saƙonnin daren da ta adana. Ta ce ba ta gaya wa yayanta ba ne don ta san abin da zai ce: ta ajiye kwamfutar, mace ba ta da abin yi a cikin zauren maza.

Na nemi izininta ta bakin matata kafin na taɓa maganar da kowa. Ta yarda a yi maganar Malam, tunda a fili aka yi ta. Ta ɗayan kuwa ta ce kada hotunan su wuce mutum biyu.

Na sami Malam bayan isha'i a teburin mai shayin bakin layinsu. Ban taɓa yi masa magana irin wannan ba, sai da na yi ta kewaye kafin na shiga. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Kai ma ka san gyaran nan da ya shiga da ya lalata littafin mutane." Na ce na sani, Malam, kuma da ka ƙi shi ka faɗi dalili ba mai cewa komai. Ya ce haka ake koyon wannan sana'a, shi ma haka aka yi masa, kuma in je in karanta yadda Linus Torvalds yake amsa wa mutanen da suka fi mu ilimi nesa ba kusa ba, amma ga Linux ɗinsa nan, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutoci, ya riƙe duniya.

Na ji daɗi da ya kawo wannan misali, domin labarin bai tsaya inda ya tsayar da shi ba. Torvalds ya faro Linux a 1991, ya shafe shekaru an san shi da kaushin harshe. Amma a watan Satumba na 2018 shi da kansa ya rubuta ya nemi afuwar mutanen da halinsa ya cutar, ya ce zai ja gefe ya nemi taimako a kan yadda yake mu'amala da mutane. Ya yi kusan wata guda ba ya kan aikin, abokin aikinsa Greg Kroah-Hartman ya riƙe har aka fitar da zubi na 4.19. A daidai lokacin ne Linux ya ajiye tsohuwar takardarsa ta 2015 ya ɗauki wadda aka gina a kan wannan Covenant ɗin da ke kwance a rumbunmu. Bai daina ƙin gyaran da bai yi ba. Har yau yana mayar da aiki, yana faɗin inda ya lalace. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, amma maganar tuwo ba gyaran kaya ba ce.

Malam ya yi shiru, sannan ya faɗi abin da ban shirya masa ba. Ya ciro wayarsa ya nuna mini kiran da ya shigo masa a makon nan kaɗai daga kasuwa, wasu kafin asuba. Wannan wayarsa ta faɗa ruwa yana son bashinsa ya dawo yanzu yanzu. Wancan yana zaginsa don manhajar kyauta ta tsaya masa rabin yini. A rumbu kuma ga baƙi daga ko'ina suna rubuta masa cewa aikin ya mutu ne, me ya sa ba a amsa musu. Ranar da gyaran yarinyar ya iso, ya kwana biyu yana ƙoƙarin ceto littafin wani dattijo da ya ɓace. Ya ce, "Takardar taku ta ce wani abu a kaina? Ni wa zan kai wa ƙara?"

Wannan tambaya gaskiya ce, kuma duk wanda ya san harkar ya san ba Malam kaɗai take ci ba. Guido van Rossum, wanda ya ƙirƙiro Python, harshen rubuta manhaja, ya sauka daga jagorancinsa a watan Yuli na 2018 bayan wata doguwar taƙaddama da ta gajiyar da shi, sai da aka kafa majalisar mutum biyar a madadinsa. Mafi muni shi ne abin da ya faru da xz, wata 'yar manhajar matse fayil da ke cikin kusan kowace na'urar Linux. Mutum ɗaya, Lasse Collin, ya riƙe ta shekara da shekaru a lokacin hutunsa. A 2022 wasu sunaye suka taso shi gaba da ƙorafin yana jan ƙafa, ya ba wani dama, alhali ya gaya musu ba ya jin daɗin lafiyarsa. Ya miƙa wani ɓangare na ragamar ga mai amfani da sunan Jia Tan, wanda daga baya ya dasa ɓoyayyiyar ƙofar kutse cikin na'urorin mutane a ciki. Sai a ƙarshen Maris na 2024 wani injiniya, Andres Freund, ya lura cewa shiga na'urarsa ta nesa na jinkirin kamar rabin daƙiƙa, ya bi sawu ya tono ta. Rashin ɗa'a ga mai riƙon aiki ne ya share wa ɓarawo hanya. Ban kawo wannan don in wanke Malam ba. Gajiyarsa ba ta ba shi lasisin ya sauke ta a kan wadda ta fi kowa rauni a cikinmu ba. Amma na gane a daren nan cewa takardar da za mu rubuta dole ta kare mutum biyu, wanda ya zo da gyaransa na farko da wanda ya gaji da karɓar gyare-gyare.

Sauran 'yan aikin ba su zo da sauƙi ba. Da na kawo maganar a zama, ɗaya ya ce waɗannan takardu al'adar Turawa ce, mu muna da addini da tarbiyya, mun san girman na gaba da haƙƙin na baya, ba ma buƙatar wani daga Amurka ya koya mana ladabi. Wani ya ce akwai kalmomi a jerin mutanen da takardar ta lissafa da shi bai gamsu da su ba. Na ce masa abin da takardar ke nema a wurinmu shi ne duk wanda ya zo da aiki a duba aikinsa, ba a bi shi gida a bincika rayuwarsa ba, kuma wannan ba baƙon abu ba ne a wurin ɗan kasuwa. Na kuma tuna musu cewa ɗaya daga cikin tsofaffin takardun nan ta Ubuntu ce, wani nau'in Linux, tun 2004, aikin da ɗan Afirka ta Kudu Mark Shuttleworth ya kafa, sunan aikin ma daga harsunan Zulu da Xhosa aka ɗauko shi, ma'anarsa kusa take da abin da muke kira mutuntaka. Amma a raina na san wannan ba ita ce amsar ba. Gaskiya ne muna da tarbiyya. Tarbiyyar ce ma ta rufe mini baki a Oshodi, ita ta sa yarinyar ta ce ba komai a cikin jirgi. Kunya da kara suna aiki sosai daga ƙasa zuwa sama. Idan na sama ne ya yi kuskure, sai su zama murfi, kuma a gidajenmu abin da ke ɗaga murfin shi ne akwai kawu ko goggo ko liman da za a je wa. Mu a rumbu ba mu da kawu.

Wanda ya warware mana ita ba mai manhaja ba ne. Wani dattijo ne dillalin albasa a Mile 12, cikin mutanen farko da suka karɓi littafinmu, shi ne ma wanda Malam ya kwana biyu yana ceto bashinsa. Na je gyara masa waya, ya ga fuskata ya tambaya, na ba shi labarin ba tare da sunaye ba. Ya ce, "Yaro, a nan kasuwar in dillali ya ci kuɗin mai kaya, wurin dillalin ake kai ƙara?" Na ce a'a, Baba. Ya ce akwai shugaban sashe, in shugaban ne da kansa akwai na sama da shi, in abin ya girma akwai Sarkin Hausawa, kuma kowane baƙo da ya sauke buhu ana nuna masa waɗannan ƙofofi tun kafin ya buƙace su. Ya ce mutum na iya shekara ashirin bai taka wurin ba, amma sanin akwai shi ne ke sa ya saki jiki ya ba da kayansa. Da na maimaita wannan a zama na gaba, wanda ya ce al'adar Turawa ce bai sake cewa haka ba.

Abin da muka yi bayan nan bai ɗauki dogon lokaci ba. Mun zauna mun rubuta takardar da Hausa, gajeriya, muka bar ta Turanci a gefe domin baƙi. Mun ce a soki aiki yadda ya kamata a soke shi, a faɗi layin da ya lalace da dalilin, amma ba a taɓa mutum, ko jinsinsa, ko garinsu, ko karin harshensa, domin mun sha yi wa Basakkwace dariya a kan fassara muna ɗauka wasa ne. Duk gyaran farko na sabon zuwa ba a rufe shi sai an rubuta masa abin da zai gyara. Ba a ɗaukar lambar kowa a bi shi a keɓe sai ya yarda, kuma in ya ce a daina, an gama. Mun kwashe maganar aiki daga WhatsApp muka mayar rumbu, inda ba a ganin lambar waya. A ɓangaren masu riƙon aiki kuma muka rubuta cewa ba wanda ke bin su bashin amsa, mai gaggawa ya kawo gyara ko ya jira, mai zagi a rufe masa ƙofa ko da ɗan kasuwa ne. Muka cire lambar Malam daga cikin manhajar, muka raba kiran kasuwa tsakanin mutum uku, kowa da ranakunsa.

Gurbin nan da na cike da imel ɗin Malam, yanzu mutum uku ne a cikinsa, ɗaya mace ce, wata malamar kwamfuta da ba ta rubuta mana ko layi ɗaya ba, da gangan muka nemo ta daga waje. Malam ba ya ciki. Ni ma na cire kaina daga wannan shari'ar, tunda ina cikin waɗanda suka gani suka yi shiru. Mai ƙara na iya zaɓar wanda zai gaya wa a cikin ukun, kuma wanda ƙara ta shafa ba ya zama a kanta. Matakan hukunci muka bar su yadda suke a Covenant, waɗanda su ma daga tsarin Mozilla, masu manhajar Firefox, suka samo: jan kunne a keɓe, gargaɗi tare da nisantar wanda aka cuta, dakatarwa ta wani lokaci, sai kora.

Ukun suka saurari kowa. Ga Malam suka yanke gargaɗi, da neman afuwa a daidai wurin da ya yi zagin, tunda a fili ya yi. Ga mai kiran dare suka yanke dakatarwar wata uku da sharaɗin kada ya neme ta ta kowace hanya. Kafin mako biyu ya kira ta da sabon layi yana tambayar me ya sa ta tona masa asiri. Suka kore shi. Masu dariya biyun da suka rage, da ni, aka ja mana kunne, kuma na ga daidai ne.

Ba kowa ya gamsu ba. Akwai wanda ya ce an sassauta wa Malam ne don in ya tafi aikin ya mutu, kuma ba zan rantse cewa wannan tunani bai gifta a zuciyar kowa ba. Nawa ganin shi ne laifin biyu ba ɗaya ba ne: ɗaya ya yi sau ɗaya ya amsa, ɗaya an ce ya daina sau uku ya ci gaba. Wasu kuma suka ga an ci mutuncin babba a kan yarinya. Mutum biyu suka bar mu saboda haka, ɗayansu ya kwashi kwafin manhajar ya ce zai ci gaba da nasa, abin da lasisin ya ba shi dama, kuma ba mu ce masa komai ba. Malam ya rubuta neman afuwar, layi huɗu, ba kwana-kwana, har ya haɗa da bayanin nema da ajiya da ya kamata ya yi tun farko. Daga nan ya ɗauke ƙafa kusan wata biyu. Sabon zubin da muka yi wa 'yan kasuwa alkawari kafin azumi bai fito ba sai bayan sallah, kuma mun sha magana a kan haka.

GitHub yana ba masu riƙon aiki damar goge magana ko su ɓoye ta yadda sai wanda ya danna zai gani. Malamar ta tambayi yarinyar wanne take so. Ta ce kada a goge, a ɓoye kawai, a bar neman afuwar a buɗe a ƙarƙashinta.

Gyaran kuwa ita ta ƙarasa shi. Ta mayar da jadawalin wurin nema, ta ƙara gwaje-gwaje da sunaye masu ƙ da ɗ da ɓ da ƴ, ta aiko ta hannun malamar. Malam ne ya duba bayan ya dawo, ya nemi ta canza abu ɗaya, ta canza, ya shigar. Sunanta na cikin tarihin rumbun a kan wannan aiki, kuma yaran dillalai sun daina buɗe wa Ɗanladi shafi biyu. Ba ta sake aiko mana da wani gyaran ba. Matata ta ce tana taimaka wa wani buɗaɗɗen aiki na fassara, inda masu duba aikin mata ne, kuma ta sayi kwamfutarta. Na aika mata ta bakin matata cewa akwai matsalar jera sunaye bisa haruffan Hausa, inda ɓ ke faɗawa can ƙarshe bayan z maimakon ta biyo b, kuma mun rubuta sunanta a kai in tana so. Ta ce a gaishe da Malam, za ta duba bayan jarrabawa.